Takwarar Jar Mota

Shekarun baya, kafin wannan fitinar da ta koro mutane daga Khartum da Jazira ta cika mana Gadarif da baƙi, ina da wani aboki da katanga kawai ta raba gidana da nasa. Duk unguwa Usta ake kiransa, wato gwanin gyara, domin ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran tarakta a gonakin Gedambaliya. Shi kuwa Faki yake ce mini, wato malam, saboda ina karantar da allo kuma yatsuna ba sa rabuwa da tawada. Tare muka tashi, a kaka ɗaya muka yi aure, kuma Allah ya karɓi matanmu ba da tazara mai yawa ba. 'Ya'ya suka watse, kowa ya bi inda abincinsa yake. Muka rage mu biyu, sai wata mota.

Motar ja ce, mai ƙofa biyu, mai dogon gaba, kuma ƙasa-ƙasa take, in ka zauna a ciki kamar a kan tabarma kake. Wani Bature mai sayar da kayan tarakta ne ya shigo da ita, da zai koma ƙasarsu ya bar wa abokina a kan ɗan abin da ya samu. Gaskiyar magana, babu motar da ta fi ta rashin dacewa da garinmu. Ƙasarmu baƙar laka ce, da damina manyan motocin dawa ma nutsewa suke yi har gindi. Ita wannan ko buhun riɗi ɗaya ba ta ɗauka. Abu ɗaya ta iya, gudu, kuma wuri ɗaya take iya yin sa, kan kwaltar da ta nufi Madani. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan fita. Shi yana dariya, ni hannu ɗaya a kan hula, ɗaya a jikin ƙofa, ina ta maimaita addu'ar hawa abin hawa kamar ba a karɓi ta farko ba. Ya taɓa roƙona in rubuta masa wani abu a bayanta da ajami. Na ɗauki fenti na rubuta cewa tafiya sannu sannu kwana nesa. Ya karanta, ya ce ya ji, amma motar ba ta yi makarantar allo ba.

Daga baya kayan gyaranta suka ɓace daga kasuwa. Ya yi dabara iya dabara, har ta gagara. Sai ya tura ta ƙarƙashin dogonyaron tsakar gidansa, ya ɗora ta a kan duwatsu, ya ce hutawa take yi. A gefenta muke zama kullum bayan la'asar, da jabana, 'yar butar gahawa mai citta, a tsakaninmu. Wata rana mu yi hira, wata rana mu yi shiru har a kira magariba, kuma duka biyun daidai suke a wurinmu.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Magana ta dawo masa, amma ƙafar hagu sai ja, hannun kuma ya naɗe. Ni nake kai shi masallaci, ya dafa kafaɗata, ni kuma idona ya riga ya yi rauni, sai shi ke gaya mini inda rami yake. Yakan ce mu biyun in aka haɗa mu an samu mutum ɗaya mai lafiya.

Yana da ɗa namiji guda, yana aiki a Jidda. Sunan mahaifin Usta aka mayar wa yaron, saboda haka uban bai taɓa kiran sunansa ba, Baba yake ce masa tun yana cikin zani. Tun da ciwon ya zo, Baba yake roƙon ya ɗauke shi ya kai shi can, inda akwai likitoci masu motsa gaɓoɓi har su farfaɗo. An gaya masa cewa in aka daɗe, ƙafar za ta sandare yadda babu mai iya dawo da ita. Usta ya ƙi. Ya ce a nan aka binne cibiyarsa. Ni dai ban taya Baba roƙo ba, domin na san in ya tafi babu wanda zan zauna da shi bayan la'asar.

Wata rana na shigo na same shi fuskarsa a washe. Ya ce Baba ya bugo waya, ya ce masu ƙera motarsa sun dawo da ita bayan duk shekarun nan, suna ɗaya, tambari ɗaya, kuma ya sayi guda, zai sa ta a jirgin ruwa zuwa Sawakin ya tuƙo ta har ƙofar gida. Yaron ya yi tunanin abin da roƙo bai yi ba, motar za ta yi. Mu kuma tsofaffi biyu muka zauna muka fassara maganar da irin hankalinmu. A wurinmu in an mayar da suna, don girmama mai shi ake yi. Muka ce ashe Turawa ma sun san alkunya. Usta ya dinga lissafa mini yadda za ta kasance, wai tabbas sun ƙara mata ƙarfi, amma gaban nan mai tsawo ba za su taɓa shi ba, don shi ne fuskarta. Har ya sa aka kawo ruwan jarka aka wanke tsohuwar, aka share kashin kaji daga kan murfin injin. Ya ce ba za a yi baƙuwa ta tarar da yayarta cikin ƙazanta ba.

Ranar da Baba ya iso, muna zaune a ƙofar gida da hantsi. Wata farar mota ƙatuwa ta shigo layinmu, doguwa, mai ƙofa huɗu, tayoyinta kamar na motar sojoji. Muka matsar da ƙafafunmu don ta wuce. Sai ta tsaya, yaron ya fito, ya durƙusa ya gaida ubansa, ya gaishe ni. Bayan an gama tambayar hanya da mutanen can, Usta ya leƙa bayansa.

"Baba, ina motar?"

"Ga ta nan, Abba."

Usta ya dube ta tun daga sama har ƙasa. Ya ce in je in duba masa sunan da ke rubuce a bayanta. Ni ba boko na yi ba, amma na san harufan nan kamar yadda na san fuskar maƙwabci. Na je na duba na sabuwar, na shiga gida na duba na tsohuwar, na dawo, kamar mai gwada allon ɗalibi da na malami. Babu harafin da ya ɓace. Na gaya masa haka.

Ya ce wannan ai rumbu ne aka sa wa taya. Yaron ya yi murmushi, ya shiga bayani a hankali, cewa yanzu mutane manyan motoci suke so, masu ɗaukar iyali da kaya, masu hawa kowace hanya, shi ya sa kamfanin ya ɗauko tsohon sunan ya sa wa wannan, kuma a takarda ta fi tsohuwar gudu. Usta ya ce a tayar da injin ya ji. Baba ya ce ai a tashe yake. Muka kasa kunne, ba mu ji komai ba sai kukan wata akuya a bayan gida.

Ban taɓa ganin fuskar abokina ta yi irin abin da ta yi a lokacin ba. Ya riga ya gaya wa duk majalisar masallaci abin da ke tafe. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna motar, ya ce wallahi, da sunan Allah, ba zai shiga cikinta ba. Ya dafa ni muka shige gida, muka bar yaron tsaye a rana da makulli a hannu.

Kwanakin da suka biyo baya, hirarmu ta la'asar ta samu sabon gishiri. Usta ya ce masu ƙera mota sun zama kamar mai sayar da gahawa da ke zuba ruwan zafi a tsohuwar jabana don ƙamshin ya ruɗi mutane. Ni ma na ƙara nawa, na ce ko raƙumi aka sa wa sunan barewa ba zai fasa tozo ba. Muka yi dariya. Baba yana jinmu daga ɗaki. Shi mutum ne mai jiki, mai sanyin magana, in yana tafiya kamar ba ya son ƙasa ta ji nauyinsa. Hutun da aka ba shi kuwa yana ta ƙarewa.

Wata safiya ya biyo ni har zaure bayan yara sun tashi. Ya zauna a ƙasa, ya ce, "Baffa, kai kaɗai yake jin maganarka. Ba don motar nake damuwa ba, in ya so a ƙona ta. Ƙafarsa nake ji." Ya ce in ya koma ba tare da shi ba, bai san lokacin da za a sake ba shi hutu ba. Na ce masa zan gwada, Allah ya sa a dace. Ya tafi ya bar ni ina wanke alluna, ina jin kamar an ba ni wuƙa an ce in yanke igiyar da nake rataye da ita.

Da la'asar na gwada. Na ce wa Usta shi ma fa ya mayar da suna. Na tuna masa mahaifinsa, siriri, mai zafin rai, wanda in ya yi tsawa jakuna ke tsayawa a hanya. Na ce ya dubi Baba, ko ta ina ya yi kama da shi? Amma ga shi kullum yana kiransa Baba, bai taɓa cewa a canza masa suna ba.

Ya kurɓi gahawa ya ce, "Faki, ni don kada a manta da tsoho na yi. Su don a sayi kaya suka yi. Kada ka haɗa."

Na bar maganar a nan, kuma wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗin hakan.

Sai shi da kansa ya ɓallo abin da ya karya shi. Washegari ya ce in dai tafiya ake so, shi yana da mota. A sa mata taya, a nemo batir, zai nuna wa yaran zamani abin da ake kira mota. Ya ce a buɗe masa ƙofa yanzu ya zauna a mazauninsa. Muka yi ta ba shi haƙuri, ya ƙi. Baba ya ja ƙofar da ƙyar, ta buɗe da ƙara. Muka riƙe shi ta kowane gefe, muka yi ta sunkuyar da shi, ƙafar nan ta ƙi lanƙwasuwa, sai da yaron ya ɗaga ta da hannu ya cusa. Daga ƙarshe ya faɗa cikin kujerar, ƙura ta tashi. Ya kama sitiyari da hannu ɗaya. Ɗayan hannun, wanda yake sa giya da shi, yana kwance a cinyarsa. Ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

Da ya ce a fito da shi, abin ya gagara. Kujerar ta yi zurfi, rufin ya yi ƙasa, ni kuma ba ƙarfi gare ni ba. Ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa ya koma, gumi ya jiƙa masa riga. Sai Baba ya durƙusa a ƙasa, ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinsa, ɗaya a bayansa, ya zaro shi kamar jariri, ya kai shi kan angarib, gadon igiyar da ke inuwa. Yaron ya karkaɗe masa ƙura daga hula, ya shige ɗaki, na tabbata don kada uban ya ji kunyarsa.

Muka zauna, gahawa ta huce. Can sai Usta ya yi magana, idonsa a kan ganyen dogonyaro.

"Faki, wanda ya rantse da Allah fa, ya rantse ke nan?"

Na gane abin da yake tambaya. Na kuma gane cewa duk abin da na faɗa, shi zai bi, domin a kan irin wannan bai taɓa tambayar kowa ba sai ni. Da na ce masa rantsuwa abu ne mai nauyi, na yi shiru a nan, ban yi ƙarya ba, kuma da ya zauna. Na dubi katangar da ke tsakanin gidajenmu. Na tuna cewa abin da aka karantar da ni ba nawa ba ne, ajiya ce. Sai na gaya masa yadda hukuncin yake: wanda ya rantse a kan wani abu, sannan ya ga wanda ya fi shi alheri, ya aikata mafi alherin, ya yi kaffara. Ya ciyar da miskinai goma daga irin abin da gidansa ke ci.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Ya ce ashe addinin ya fi ni sauƙin kai. Na ce ya fi mu duka.

Kashegari Baba ya je bakin kasuwar hatsi, inda leburori ke zama suna jiran mai gona ya ɗauke su yankan riɗi, ya zo da goma daga cikin waɗanda ba su samu aiki ba. Wata maƙwabciya ta tuƙa asida, tuwon nan ƙasar, da miyar busasshiyar kuɓewa da nama. Suka ci a tsakar gida, a gefen jar motar. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko sadakar mamaci ce. Usta ya ce a'a, ta mai taurin kai ce, su dai su yi addu'a.

Da suka watse, ya ce a kawo rumbun. Baba ya buɗe ƙofar gaba. Kujerar ta zo masa daidai ƙugu, juyawa kawai ya yi ya zauna, aka ɗaga masa ƙafar. Ya gyara zama, ya shafa abin da ke gabansa, ya ce ba laifi, amma kada a ɗauka yabo ne. Ya ce in hau baya. Muka ɗauki hanyar Gedambaliya. Damina ta ja baya amma laka ba ta gama bushewa ba, motar ta bi ta kai ba ta ko yi tari ba. Dawa ta yi kai, ja da fari, har iyakar gani. Yana ta nuna wa ɗansa wuraren da tarakta ta taɓa mutu masa, da inda suka kwana uku suna jiran ƙarfe ɗaya daga gari. A duk shekarun jar motar, ba ta taɓa kawo shi nan ba. Na lura da haka, na san shi ma ya lura, ba wanda ya faɗa. A hanyar dawowa ya ce wa Baba ya ɗan taka ta a kan kwalta. Yaron ya taka. Usta ya ce gudun yana nan, amma babu tsoro a ciki, kuma gudun da babu tsoro zama ne. Ni a baya na ce alhamdu lillahi da zama.

Bayan kwana kaɗan suka tafi, da sassafe bayan asuba. Ya ba ni makullin gidan da jabanar. Ba mu iya bankwana ba, ba mu taɓa yi ba. Ya ce in kula da ramin da ke gaban masallaci, yana hannun dama in an fito. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ya ba da lafiya. Na tsaya har suka karya kwana, sannan na koma na buɗe wa yara zaure.

La'asar ɗin farko na dafa gahawa kamar kullum, na zuba kofi biyu kafin na tuna. Na shanye duka, na kwana ido biyu.

Yanzu gidansa wasu bayin Allah ne a ciki, iyali daga Jazira da yaƙi ya koro, Baba ya ce in ba su su zauna. Mutanen kirki ne, suna aiko mini da kisra, siririyar gurasar dawa, suna ce mini Hajj. Jar motar tana nan, matar gidan tana shanya kuɓewa a kan rufinta. Unguwa ta cika fiye da kowane lokaci, masallaci har waje ake sahu, amma babu wanda ya san ni da baƙin gemu. In na faɗi abin dariya na da, sai na yi bayani, kuma kafin in gama bayanin dariyar ta tsere.

Nakan ga irin farar motar nan jefi-jefi a bakin kasuwa, da tsohon sunan a bayanta. Ban ƙara yi mata ba'a ba. Ina ganin masu ƙera ta sun san abin da mu muka ƙi sani, cewa waɗanda suka so sunan nan suna samari yanzu gwiwoyinsu ba sa lanƙwasuwa. Ko don ciniki suka yi, kamar yadda abokina ya ce, wannan tsakaninsu da niyyarsu. Ni abin da na gani shi ne, sunan ya jawo ɗa ya tuƙo mota daga bakin teku har ƙofar ubansa, tsayin kujerar kuma ya karɓi tsoho mai ƙafa ɗaya. Tsohuwar ba za ta iya ko ɗaya ba.

Ƙafar ta ɗan saki a can. Ya kai ga tafiya da sanda, har ya yi ɗawafi da ƙafarsa, yana hutawa yana tashi. Ya bugo mini ranar, ya ce ya yi mini addu'a amma bai roƙa mini sauƙin kai ba, don kada ya wahalar da mala'iku. Shekara ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi a can. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan.

Wani lokaci in na zauna ni kaɗai, nakan tambayi kaina ko da na yi shiru a ranar nan da yanzu yana gefena. Wataƙila. Sai in tuna kakanninmu. Da ƙafa suka baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, suka tsaya a nan don su yi noman damina ɗaya su samu guzuri, damina ɗaya ta zama rayuwa, suka haife mu a kan hanya. Abokina ya tashi ya ƙarasa musu tafiyar. Ni kuwa har yanzu ina zango.